Zuƙar Farko

Mamu Basharat ƙanin mahaifiyata ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana naɗa koyil ɗin fanka a Gujrat, kuma a garin da kusan kowane gida akwai wanda ya taɓa aikin fanka, ba kowa ake kira Ustad, wato gwanin sana'a, ba. Shi kuwa har masu kamfani da wannan suna suke kiransa. Amma da za ka tambaye shi aikinsa, ba fanka zai fara ambata ba. Cewa zai yi shi ne ladanin masallacin unguwarmu.

Muryar ce abin alfaharinsa, kuma wallahi ta cancanta. Yakan ja "Hayya alal falah" da numfashi ɗaya, har matan da ke kwashe shanya a saman rufi su tsaya da zani a hannu sai ya dire. Yana ririta ta kamar jaririya. Ba ya shan ruwan sanyi ko ana tsananin zafi, ba ya cin yaji, taba kuwa ko warinta ya ji sai ya sauya wurin zama. Mu yara muna yi masa dariya, muna cewa maƙogwaron Mamu ya fi amarya gata.

Ranar da aka haife ni shi ya yi mini kiran sallah a kunne, shi ya lakaci zuma ya sa mini a baki. A wajenmu ba kowa ake ba wa wannan aikin ba, domin tsofaffi sun yarda cewa jariri yana ɗaukar halin wanda ya fara sa masa zuma. Duk lokacin da na yi abin kirki ina yaro, sai Ammi, mahaifiyata, ta ce, "Zumar Basharat ce." In na yi tsiya kuwa, dangin babana take ɗora wa.

Shekarar da mai kamfaninsu ya sayo injin da ke naɗa koyil cikin minti biyu, aka sallami Mamu da godiya da agogon bango. Ya zauna a gida wata bakwai yana gyara fankokin maƙwabta kyauta. A lokacin ni kuma na buɗe shagon sigarin lantarki, irin mai tankin da ake kwancewa a naɗa masa sabuwar waya, a zura masa lagwanin auduga. Ciniki na iya, baki ma ina da shi, amma hannuna na banza ne. In na naɗa wa mutum yau, gobe zai dawo aljihunsa ya jiƙe da ruwan tanki yana zagin iyayena.

Ammi ce ta ce in ɗauki Mamu. Ya zo ranar farko da hularsa fara da tabarau, ya ɗauki wani koyil da na naɗa, ya juya shi gaba da baya.

"Tauqeer puttar, ɗana, wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Mamu."

"Da ƙafa?"

Na nuna masa yadda ake yi. Ya kalle ni ta saman tabarau. "Zagaye shida? Shi ke nan aikin? Ni da nake zagaye ɗari bakwai ban ɓata lissafi ba, a kan shida kake wannan gumin?"

Kafin mako ya ƙare ya fi duk wanda na taɓa gani. Zai naɗa wayar a jikin siririn ƙarfe, zagaye na manne da zagaye, ya ɗaure ta da sukurori biyu, sannan ya riƙa danna maɓalli kaɗan kaɗan yana kallon yadda take ja. Dole jan ya taso daga tsakiya ya bazu gefe. In wani wuri ya riga saura yin ja, sai ya shafa shi da matsefata har ya daidaita. Auduga kuwa mulmula ta yake tsakanin tafukansa, ya zura, ya ja ta gaba da baya yana jin yadda take kama wayar. In ta matse da yawa ruwa ba zai bi ta ba, ta ƙone a bakin mai sha. In ta yi sako-sako tankin ya yi yoyo. Sai ya datse bakin da almakashi, ya taje shi, ya kwantar, ya ɗiga ruwa. Daga nan ya kai abin kusa da kunnensa, ya danna, ya saurari ƙarar tafasar.

"Ya yi," zai ce, ya miƙa wa mai shi. Ban taɓa ganin kunnen nan ya yi kuskure ba.

Matsalar ita ce a sana'armu akwai al'ada. Wanda ya naɗa shi ke yin zuƙar farko a gaban mai kaya, ya busa tururin sama, don in akwai ƙauri ya ƙare a maƙogwaronsa. Mamu ba ya yi. Akwai wani Hammad, ɗan masu gonakin da ake ce wa Chaudhry, mai son a san ya shigo wuri, shi ya fara tsokana.

"Ustad ji, kai ba ka ɗanɗana girkinka ne? Ko guba kake ba mu?"

"Kunnena ya ɗanɗana, ɗan Chaudhry. Karɓi abinka."

"Kunne? To ni da baki nake sha. A shagon da ke bene na sama, mai naɗinsu sai ya cika shago da hadari kafin ya miƙo."

"Ka hau saman mana, matakala ba ta cizo."

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na ga Hammad ya hau saman, bayan kwana biyu abokansa uku suka bi shi. Aikin na sama bai kama ƙafar na Mamu ba, kowa ya sani, amma mutane abin kallo suke so. Sai na fara yi wa Mamu naci. Na kawo masa wata kwalba, na nuna masa rubutun jikinta.

"Duba, Mamu, babu nikotin ɗin taba ko ɗigo. Ƙamshin mangwaro ne kawai. Da shan wannan da shaƙar tururin shayi duk ɗaya."

"Puttar, maƙogwaron nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Na unguwa ne."

"Zuƙa ɗaya fa, ba sai ka haɗiye ba. Shagon nan shi ke riƙe da Ammi."

Da gangan na sako sunanta, don na san ba ya iya musa wa yayarsa komai. Sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunansa a jikin kwalbar, ya ajiye ta gefen almakashin aiki. Zuƙar farko da ya yi sai da hawaye ya zubo masa. Samarin suka yi tafi, wani ya ɗauka a waya. Kafin wata guda, har daga birnin Lahore ake zuwa ganin dattijo mai farin gemu da ke naɗa waya ya busa tururi.

Wata Alhamis na tarar kwalbarsa ta ƙare. Irin wannan ruwan ba ya tafiya a kasuwa, don haka ban ajiye wani ba. Mamu ya tafi kiran azahar, ga mutum huɗu na jira. Na ɗauko ruwan mangwaro na sayarwa, mai nikotin, na ɗura a kwalbar da ke ɗauke da sunansa. Na ce wa kaina na yau ne kawai, gobe zan aika a kawo nasa.

Ban aika ba. Zan iya cewa mantuwa ce, amma ƙarya ne. Bayan mako biyu na lura zuƙa ɗaya ta zama biyu, ta zama uku. Na lura ya daina ɓata rai in an ce ya gwada, har shi ke cewa, "Kawo in ji." Na lura, na kuma ji daɗi, domin aiki yana sauri, shago yana cika. Duk sanda kwalbar ta yi ƙasa, ni nake cika ta da hannuna.

A rana yakan yi naɗi talatin, wani lokaci arba'in. Samarin kuma suka koma son waya mai kauri, mai zafi, wadda zuƙarta ta farko ke kankare maƙogwaro. Tari ya fara, ƙarami, irin wanda mutum ke ɗora wa sauyin yanayi. Ya ƙara citta a shayinsa.

Wata safiya matarsa, Mami Shagufta, ta shigo shagon kafin ya iso. Ba ta taɓa taka wurin ba. Ta ajiye wani ƙaramin tanki a kan kanta.

"A aljihun rigarsa ta Juma'a na samu. Tauqeer, me kake ba kawunka?"

"Ƙamshi ne kawai, Mami."

"Ƙamshi ne ke sa mutum ya tashi daga kan abinci ya shige bayan gida? Shekara talatin ina tare da shi bai taɓa ɗaga mini murya ba. Jiya a kan gishiri ya yi mini tsawa. Kalle ni ka faɗa."

Na kalle ta, na rantse. Har yau in na tuna yadda rantsuwar ta fito mini a sauƙaƙe, kunya nake ji kamar in nutse.

Abin ya faru ne da magariba, cikin azumi. Unguwa ta yi tsit, kowa da dabino a hannu yana jiran muryarsa. Ina tsaye a ƙofar gidanmu da kofin ruwa. Ya yi kabbarori lafiya, ya yi shahada muryar na ɗan rawa. Da ya ja "Hayya alas salah" sai numfashin ya yanke a tsakiya, tari ya sarƙe shi. Lasifika ba ta rufa wa kowa asiri. Gida ɗari uku suka ji Ustad Basharat yana tari yana neman iska, suka ji ya sake gwadawa, ya sake yankewa. Can aka ji muryar liman ta ƙarasa kiran. Na ajiye kofin ban sha ba.

Dattawan masallaci ba su ci masa fuska ba. Cewa suka yi ya huta zuwa bayan sallah, suka ba wani tela riƙon ƙwarya, kuma telan ne ke kira har gobe. Likita ya ce maƙogwaron ya wahala, ya bar zuƙar komai. Mamu ya aiko mini da matsefata da almakashina a cikin leda, bai haɗa da ko kalma ɗaya ba. Mami ta ce wata biyu ya yi yana fama, yana tauna kanumfari yana zagaye tsakar gida, kafin abin ya sake shi. Muryar magana ta dawo, amma dogon numfashin nan bai dawo ba. Ni kuma na koma sallah a wani masallaci, wai ya fi kusa da shago.

Bayan shekara guda matata ta haifi 'ya mace. Da hantsi aka sallamo su gida, Ammi ta aika a kira Mamu, ba ta ko tambaye ni ba. Wa kuma za a kira? Ya shigo da hularsa fara, ya rame kaɗan. Ya karɓi jaririyar, ya kai bakinsa kunnenta na dama, ya yi kiran sallah a hankali, yana tsayawa yana jan iska a wuraren da da ba ya tsayawa. Ammi ta juya kai tana share ido. Sannan ta miƙo masa ɗan kofin zuma.

Bai karɓa ba.

"Baji, yayata, ba wa wani."

"Wane wani? Kai ka sa wa ubanta."

"Shi ya sa."

Ya juyo ya dube ni, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan, da ma akwai da na fi samun sauƙi.

"Ranar Alhamis ce, ko puttar? Bayan azahar. Mutumin da bai taɓa shan taba ba, kana tsammanin ba zai ji bambanci ba? Kaina har juyawa ya yi."

"Mamu, me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Da farko jira nake ka faɗa da bakinka. Na ce yaron nan zai faɗa, ni na san shi. Daga baya kuma ni ma na fara son abin, sai na bar ka kana cikawa, ina yi kamar ban sani ba." Ya gyara wa jaririyar zani. "Na daɗe ina tunani. Ni na sa maka zuma. In har za ka iya kallon matata ka rantse a kan ƙarya, ni kuma in iya yin shiru don kwaɗayi, to abin daga wajena ka ɗauko shi. Ba zan sa wa wannan ba. A nemo mata mai hali."

Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, laifina ne ni kaɗai, zumarsa ba ta da aibi. Shekara guda ina da damar faɗin haka ban faɗa ba, yanzu kuma ya riga ya raba laifin biyu ya ɗauki babban kason. Ammi tana tsaye da kofin a hannu, tana kallona kamar yau ta fara ganina.

Mamu ya sumbaci goshin yarinyar, ya miƙo mini ita, ya nemi takalmansa.

"Bari in je," ya ce. "An kusa kiran azahar, ina so in samu sahun gaba."