Shizue da Rigar da Ta Juya

Shekara hamsin da biyu ke nan ƙarfe biyar na asuba ba ta taɓa riskar Shizue Nagamine a kwance ba. Kafin 'yan wasa su iso ma'aikatar fim a Kyoto, ta shanya riguna, ta duba igiyar kowane sulke, ta karya da shinkafa da shayi a tsaye. Aikinta ke nan, sa wa mutane kaya. A watan nan ta ajiye allura, ni kuwa da muka yi aiki tare na ce ba za ta tafi shiru ba.

Kowa ya san fim ɗin yaƙin nan da aka ɗauko daga wasan dandamali, na sarkin da ya kashe ƙanensa saboda sarauta. Kowa ya san inda ya fito ƙofar gari shi kaɗai, mahaya ɗari uku na jiransa. Shizue ce ta sa masa rigar, tana da shekara ashirin da uku.

A wajenmu ɓarin hagu na riga ake ɗorawa kan na dama, gawa kaɗai ake juya wa. Ran nan Shizue ta juya wa Genzo, mai fitowa a sarkin.

Shugabar masu kaya ce ta fara gani. "Ke, a gidanku ba a koya miki ba? Shigar gawa kika yi wa mutum da ransa. Tattara naki ya naki."

Genzo ya dubi ƙirjinsa, a tsorace ya kai hannu zai kwance rigar. Ga rana na shirin faɗuwa, ga dawakin haya washegari za a mayar. Darakta, wanda tarinsa kawai ke miƙar da mutane tsaye, ya tako.

"Kuskure ne, yarinya?"

"A'a, ranka ya daɗe. Na karanta labarin. Tun ranar da ya kashe ƙanensa ya mutu, shi ne dai bai sani ba."

Ya daɗe yana kallon wuyan rigar. "Kada wanda ya taɓa. Genzo, tsoron nan da ke fuskarka, riƙe mini shi."

Sau ɗaya aka ɗauka. Ana gamawa Shizue ta ruga ta watsa wa Genzo gishiri don korar sharri, ta gyara rigar, tana kuka tana ba shi haƙuri. Har yau tsigar jikina kan tashi in na tuna. Masana sun cika littattafai da yabon wannan fuskar, amma duba sunayen ƙarshen fim ɗin, babu nata.

Shizue, ke ce kika sa abincinki a bakin wuta don gaskiyar wuyan riga. Mun gode. Masu tasowa, ku karanta labarin kafin ku ɗauki allura.

Makon jiya aka sake haska fim ɗin don sallamarta. Sarki na fitowa, wata tsohuwa ta kama bakinta. "Wayyo, wa ya yi masa shigar gawa?"

Daga kujerar baya Shizue ta amsa a hankali, "Ni ce, Yaya."