Birkin Keken Balkisa

Shekara talatin da 'yan kai Malam Garbai ya yi yana gyaran keke a gindin bishiyar bedi, bakin kasuwar Gure. Abokan sana'arsa duk sun koma gyaran babur, shi ya ƙi. Abin alfaharinsa ɗaya ne: bai taɓa sayen robar birki ba. Tsohuwar tayar mota yake yankawa da wuƙa, ya goge, ya ɗaure, kuma cikin masu lambun da ke gangara tudu zuwa kwari babu wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi.

Ana nan sai ɗansa Ibram ya aiko wa 'yarsa Balkisa, jikar tsohon, wani guntun keke daga Libiya. Ƙafafunsa na filastik ne, babu wayar ƙarfe ko ɗaya. Da robar birkin ta cinye, tsohon ko kallo biyu bai yi ba ya sa irin tasa. Washegari yarinya ta gangara tudun lakwal, wato makarantar boko, ta matse birki, keke ya wuce abinsa kamar ba da shi ake ba. Ta ƙare a cikin ƙaya, gwiwa a ɗaye.

Uwarta Hamsatu ba ta ɗaga murya ba, surukinta ne. Cewa kawai ta yi, "Baba, a ajiye keken nan. Ba za ta sake hawa ba." Wannan magana ta fi zagi yi masa ciwo. Shi da ya tsayar da kekunan gari duka, na jikarsa ya gagare shi!

Ya roƙi kwana uku. Ya ƙara ɗaure wayar birki, keke ya kama kuka kamar jaki, robar tana cin bakin ƙafar tana barin zane. Ya haɗiye girman kai ya sa direba ya kawo masa ta kanti daga Damagaram. Ita kuma ta ƙafar ƙarfe ce, sai santsi take. Ya jefar da ita, ya tsine wa wanda ya fara tunanin yin ƙafar keke da kayan bokiti.

Balkisa tana ɗingishi ta zo tsokana irin ta jika da kaka. "Tsoho, in ka kasa ka faɗa, in nemi wani miji."

"Jeki, amarya, kafin in sake ki," in ji shi, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Rana ta uku, yana zaune, sai idonsa ya sauka kan silifan ƙafarsa. Ashe ba tauri ake nema ba, laushi ne. Ya cire ɗaya ya yanka gida biyu, ya ɗaure, ya ɗan karkata kowanne yadda bakinsa zai fara taɓa ƙafar keken.

Hamsatu ta yarda da gwaji ɗaya tak. Balkisa ta gangara, ta matse, keke ya tsaya cak, ba ƙara.

Wani mai lambu da ke wucewa ya riƙe baki. "Kai, kayan waje daban ne! Malam Garbai, ka buɗe birkin nan ka gani, ko ka koyi wani abu."

Tsohon ya tattara kayan aikinsa. Ya juya ya nufi gindin bedinsa, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗayar tana soyuwa a rairayin azahar.