Matar da Ta Nemi Dargaza

A shekarun da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa da auduga daga Gusau, an yi wata mata a unguwar bayan tasha da ake kira Malama Shafa'atu. Ubanta ladani ne, shi ya koya mata ajami tun tana ƙarama, boko kuwa a wurin yayanta ta tsince shi. Mijinta Garba direban babbar mota ne. Da aka kawo yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1950, sai aka ba ta ajin mata a zauren wani gida, tana koyar da su da hantsi.

Cikin masu zuwa ajin akwai wata tsohuwa, Inna Tambaya, wadda rakiyar jikarta Hasana kawai ke kawo ta. Ranar da aka zo koyon rubuta suna, Shafa'atu ta ce mata cikin raha, "Inna, kawo in rubuta miki naki."

Tsohuwar ta ce, "Wanne daga ciki? Tambaya dai wanda ya saye ni ya sa mani shi, don na dame shi da tambayar ina uwata take. Wanda ubana ya yanka mani rago da shi, Luba. Luba ta Dargaza."

Shafa'atu ba ta taɓa jin sunan garin ba. Da aka tashi ta riƙe tsohuwar, ita kuwa ta ba ta labarin tana murza carbi, murya ba ta ko rawa. Dargaza garin marina ne a gindin wani dutse, yamma da Bungudu. Kafin zuwan Turawa da 'yan shekaru, wani shugaban mayaƙa na maƙwabta ya nemi fadamarsu, suka hana. Ran kasuwa ya zo da mutanensa, suka tare ƙofar gari. Suka ajiye turmi a bakin karofi, inda ramukan rini suke. Duk namijin da ya fi turmin tsawo, a yanka shi a tura rami. Da aka gama, matan garin aka sa su ɗebo ƙasa su cike ramukan.

"Da ƙwaryar furarmu na zuba ma ubana ƙasa," in ji tsohuwar. "Ƙafatai ba ta bar motsi ba."

Tun daga ranar Shafa'atu ba ta sake zama daidai ba. Ta tambayi malamai, ta tambayi maroƙa masu jero sarakuna da yaƙe-yaƙe, babu wanda ya san Dargaza, ko ya yarda ya sani. Sai ta fara bin motar Garba ranakun kasuwa. Inna Tambaya ta nuna mata tsagar garin, 'yar alama kamar sawun tsuntsu a gefen kunne, don haka tana shiga kasuwa kunnuwan tsofaffi take kallo. A Tsafe ta sami wata mai daddawa da ta jero mata unguwannin garin da limaminsu. A 'Yankuzo ta sami wata da ta rufe fuska da zane, ta ce ba ta san zancen ba, amma da Shafa'atu ta juya za ta tafi, ta kira ta ta faɗi sunan ƙannenta maza. A 'Yandoto kuwa wani tsoho ne, wanda ya tsira don turmi ya fi shi tsawo da yatsa biyu.

Ta yi wa kanta doka: ba ta rubuta abu sai ta ji shi daga bakin mutum biyu da ba su san juna ba. Inda suka saɓa, ta rubuta saɓanin. Takan tambayi abin da ke gona a lokacin, da abin da aka kasa a kasuwa, har ta gane cewa da kaka aka yi abin, bayan yankan gero.

Wanda ya fi tsaya mata a rai shi ne Jatau, wani makaho a ƙauyen da ke kusa da Karakkai. Yana saurayi yana cikin mayaƙan. Ta zaci zai ɓoye. Ina! Gyara zama ya yi a gindin rumbu, yana ɓare gyaɗa.

"Yarinya, aiki munka yi ranan," ya ce yana dariya. "Kahin azahar hannu ya gaji, sai musanya muke. Wani yaro ya duƙe don turmi shi fi shi, na miƙe shi da kunne. Kina da goro?"

Ta ba shi goron, don tana son sunan shugabansu, kuma ya faɗa. Ta zagaya bayan rumbun ta yi amai, ta goge baki, ta dawo ta ci gaba da tambaya.

A 1956 ta ga abin ya haɗu. A ganinta, kisan da ba a faɗa ba bai ƙare ba. Sai ta karanta wa ajinta abin da ta rubuta, daga turmi har cike ramuka, da sunan shugaban, da sunayen waɗanda suka tsira da garuruwan da aka sayar da su. Inna Tambaya ta zauna a gaba tana gyaɗa kai. Kafin la'asar zance ya gama kasuwa.

Lokacin an sa ranar auren Hasana da ɗan wani attajirin auduga, kuma suna son juna. Dangin yaron suka aiko cewa ba sa haɗa jini da jikar baiwa. Umaru, uban Hasana, mai kanti ne da ya shekara talatin yana cewa asalinsu Katsina ne. Ya tsaya a ƙofar zauren ajin yana huci.

"Wa ya aike ki? Mun rufe abinmu, mun yi arziki, mun yi mutunci. Su sun kashe kakana, ke kin kashe ɗiyata!"

Ya mayar da uwarsa ɗakin ƙurya, ya hana kowa ganinta.

Shugaban mayaƙan kuwa, jikansa shi ne Alhaji Mas'udu, babban mai sayen gyaɗa, kuma motar da Garba ke tuƙawa tasa ce. Bai ɗaga murya ba. Ya kira Garba ya ce ya zaɓa, mota ko mata. Garba ya dawo gida, ya ci tuwon da ta tuƙa, ya wanke hannu, sannan ya sake ta. Bayan kwana kaɗan aka karɓe ajin aka ba wata. Alhaji dai ba abin da ya ragu daga girmansa. Har wasu suka riƙa cewa ashe jinin jarumai ne.

Shafa'atu ta koma gidan yayanta tana kitso. Da Inna Tambaya ta rasu ta tafi gaisuwa, Hasana ta tare ta a zaure, ta rame, ido ya faɗa.

"Malama, ke kin samu labari. Ni mi na samu?"

Aka ja ƙyaure a fuskar Shafa'atu.

Duk da haka ba ta bari ba. Da bazarar 1958 ta sauka a Bungudu, ta taka da ƙafa har gindin dutsen. Ba ganuwa, ba kango, sai gonar gyaɗa shimfiɗe, ita ma ta Alhaji. Wani ɗan ƙodago ya nuna mata gefen gona, inda suke watsa abin da garma ke tonowa. Ƙasusuwa ne, wasu da sauran shuɗin baba a jikinsu, wasu ƙanana ƙwarai. Ta je wurin mai unguwar ƙauyen da ke kusa, ta roƙa a tara mutane a yi musu sutura.

Ya ce, "Wa ya san ko Musulmi ne?"

Ta faɗa masa sunan limaminsu da inda masallacinsu yake. Ya ce ta tashi ta ba shi wuri. Ta koma ta ari fartanyar ɗan ƙodagon, ta haƙa rami, ta naɗe abin da ta iya tarawa a gyalenta ta binne, ta dawo Gusau kai ba lulluɓi. Tun daga nan yaran unguwa suka sa mata Uwar Gawa, mata suka daina kawo mata kitso.

Zazzaɓi ya kashe ta da daminar 1959, ba ta cika arba'in ba. Mutum kaɗan suka raka ta. Da matar yayanta ta zo share ɗakin, ta tarar da adaka cike da takardu, ajami da boko. Ta riƙe adakar don zuba tufafi, takardun kuma ta ba mai tsiren bakin tasha.