Yatsu huɗu a kan cikin jariri

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Illela, da misalin ƙarfe uku na yamma. Mu uku ne a zauren gidanmu: ni, da Gwaggo ƙanwar mahaifina da ta zo daga Lafani, da wani dattijo mai zanen manyan motoci. A gabanmu an jingine hoton fenti da aka yi a kan falanki.

Jaririn da ke cikin hoton ni ne. Wani mai zane daga Ƙonni ya yi shi ina wata biyar. Na tashi ina ɗauka a kan kujera aka ɗora ni, aka lulluɓe ta da baƙin zane. Sai da na kai shekara goma na lura da yatsu huɗu masu lalle a kan cikin jaririn. Daga nan na ga kujerar tana da kafaɗu.

Mahaifiyata ce. Ni ne ɗan farinta, kuma ta rasu kafin a yaye ni. Ba ta bar wani hoto ba. Na haura shekara arba'in ban san fuskarta ba, shi ya sa na kira dattijon ya cire baƙin fentin da ya rufe ta.

"Mi kaka nema ƙarƙashin wanga abu?" in ji Gwaggo.

"Fuskarta, Gwaggo."

"Kai dai aikin rediyo ya ɓata ka. Komi sai ka ji ƙarshenai."

Dattijon ya jiƙa tsumma da kananzir, ya fara gogewa daga inda kai zai kasance. Ya yi aiki a hankali, da tsumma da gefen reza. Daga waje ana jin babura suna wucewa hanyar iyaka.

Kunne ne ya fara fitowa, da ɗan kunne na azurfa. Sai gefen wuya. Na matsa kusa ina jiran kunci, amma inda ya kamata kunci ya fito, sai layin kitso ya bayyana a ƙasan kallabi. Ƙeya ce. Hannunta na riƙe da ni, kanta kuwa ya juya gaba ɗaya yana kallon bango.

Dattijon ya janye hannunsa, ya yi salati.

"Haka taz zauna," in ji Gwaggo. "Yini guda ana lallashi. Ta ce ita ba ta kallon ɗan fari gaban mutane, balle a aje shaida. Babanka ya ga abin ba kyawo, yac ce a rufe."

Dattijon ya nuna mini wani ɗan fari-fari a bakin kallabin. "Alhaji, kamar wutsiyar ido ce nan. Ta ɗan waigo, ko mai zanen ya so ta waigo. Amma fentin ya tsufa. In na ci gaba, kananzir zai gangara ya cinye yatsun."

Na daɗe ina duban farin. Daga dama yana kama da ido mai kallon jaririn. Daga hagu ɗigon fenti ne kawai. Na duba yatsun, har da inda lallen ya tsaya a gaɓa ta biyu.

Na ce ya bari haka.

Washegari Gwaggo ta naɗe hoton a cikin mayafinta ta tafi da shi Lafani. Yana ɗakinta har ta rasu bayan damina biyu.