Tabar da Gwadabe Ya Tsaga

Malam Gwadabe na Maje bai taɓa zama manomin hatsi na kirki ba. Sana'arsa auren itace: ya yanko reshen mangwaro mai zaƙi, ya tsaga jikin mai tsami, ya cusa, ya naɗe da leda, ya bar wa Allah sauran. Daga Maje zuwa Gawu Babangida, da wuya ka sha mangwaro mai daɗi da hannunsa bai bi ta kansa ba. Mutum ne marar gaggawa, ko gaisuwa sai ya gama duba ganyen da ke gabansa yake amsawa.

A shekarar da soja suka miƙa mulki, ƙari ya fito wa matarsa Safara'u a wuya, ya girma har ya fashe yana ruwa. Likita ya ce ciwon daji ne, a kai ta babban asibiti da wuri a yi mata aiki. Ta ƙi.

"Wuya fa, Malam," ta ce. "Ni akuyar layya ce?"

Akwai wani ɗan Kano, Ahmad, mai aikin ofis a Abuja, da ke haya a ɗakin ƙofar gida. Wata rana bayan la'asar ya ce ya karanta a mujalla cewa a ƙasar waje ana ƙoƙarin samo rigakafin daji daga ganyen taba.

"Yaya suke yi?" in ji Gwadabe.

"Wani abu suke ɗauka daga jikin ciwon, Baba, ƙanƙane, ido ba ya ganinsa. Su sa a cikin tabar, sai ganyen ya riƙa yin maganin mutumin nan shi kaɗai."

"Aure ke nan."

"Kusan haka. A'a, ba haka ba ne. A kan ɓeraye ma suke gwadawa tukuna."

Maganar ɓerayen ta tsaya wa Gwadabe. Ɓeran ne ke ciwon, ko shi ke cin tabar? Bai tambaya ba. Ya riƙe abin da ya gane, ya bar wanda bai gane ba.

Ya samo dashen taba a wurin wani tsoho mai yin ta shaƙa, ya dasa a bayan madafi. Da suka yi ƙwari, ya wasa wuƙarsa, ya tsaga kowace, ya cusa guntun audugar da aka goge wuyan Safara'u da ita, ya naɗe. Ita kuwa tana zaune a kan tabarma tana kallo. Tun daga ranar, duk sanda 'yarsu Umaima ta tayar da maganar asibiti, sai ta ce, "Bari mu ga tabar babanku."

Tabar ta yi ta yaushi tana mutuwa. Ɗaya ta rage, ta miƙe shar. Ranar da Ahmad ya leƙo ya ga tabar da leda a wuya, ya ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Baba, me ke nan?"

"Ai kai ka faɗa."

"Ba da wuƙa ake yi ba, da na'ura ne."

"Wace iri?"

Shi ma Ahmad iyakar inda ya sani ke nan.

Wata safiya Gwadabe ya tarar Safara'u ta ɗora tukunya, tana tafiya tana dafa bango.

"Malam, dafawa ake yi ko jiƙawa?"

Ya tsuguna gaban tabar ya daɗe. A sana'arsa, in aure ya kama, toho ne ke faɗa, domin ganyensa yakan bambanta da na gindin. Wannan kuwa ganyen taba ne, warin taba ne. To amma ganyen Safara'u da me zai yi kama in ya fito? Bai sani ba. Ya ɗago ya dubi wuyanta. Wannan kam bai buƙaci tambaya ba, ƙarin ya fi yadda yake lokacin dashe.

"Sauke tukunyar," ya ce.

"Bai kama ba?"

"Ban sani ba. Kuma abin da ban sani ba, ba zan ɗura miki ba."

Ruwan ya fara tafasa. Sannan ta janye itacen.

"Ka ce wa Umaima ta nemo mota. Amma ƙafarka ƙafata, har cikin ɗakin."

A asibiti, suna jira a kan benci, Gwadabe ya tare wani matashin likita ya tambaye shi ko gaskiya ne ana maganin daji da taba.

"Taba, Baba? Ai ita ke kawo shi." Ya wuce da sauri.

Gwadabe ya koma ya zauna yana juya hularsa a hannu. Yana nan yana neman inda maganar biyu za ta haɗu aka kira Safara'u. Ya miƙe, ya tallafe ta, suka shiga.