Na ƙure wa mashin ɗin Baba Yohanna gudu

Jama'a, yau saura ƙiris in kashe dattijo da wayata!

Kun san mashin ɗina na lantarki, da waya ake saita gudunsa. Da safe ina wurin caji a Samaru, sauri nake in isa Sabon Gari. Na haɗa waya da mashin, na ƙure gudun, na hau. Sai tafiya yake kamar jaki! Na tsaya bakin titi ina tsaki.

Sai ga Baba Yohanna, tsohon nan mai kai ƙwai kasuwa, ya wuce ni fuuu a kan mashin ɗinsa, hula ta tashi, yana ihu: "Wayyo Yesu! Ku kauce!"

Nan na tuna. Mashinanmu iri ɗaya ne, kuma tare muka yi caji. Ashe nasa na saita!

Na bi shi ina salati. Sai a Dogarawa na tarar da shi yana haki, ƙwai ko ɗaya bai fashe ba.

Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe min, bari in mayar maka yadda yake."

Ya damƙe hannuna ya ce, "Kul! Bar min abina haka. Kai ka ci gaba da rarrafe."