Yanar da Inna Ta Ƙi a Cire

Hutun lakkol ɗin da nake koyarwa ne ya kawo ni Gure, da niyyar in duba Inna in juya. Jaka ɗaya na riƙo. Na bar wa maigidana yara a Damagaram, har da ce masa kada ya wahalar da kansa da sayen gero, kafin na buhu ya ƙare na dawo. Na buhun ya ƙare, aka sayi wani, shi ma ya bi sahu, ina nan zaune a gidan da ban taɓa yin wata guda a cikinsa ba tun da na yi wayo.

Ciwon yana ne ya rufe wa Inna ido biyu. A waya kullum cewa take lafiya lau, ɗan dishi-dishi ne na tsufa. Da na iso sai na tarar da ƙuna a bayan hannunta, wai ludayi ta kai hannu za ta ɗauka ta dafa tukunya. Baƙin idonta ya koma fari-fari kamar an ɗiga masa nono. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Ƙanena yana Kano da shagonsa, ƙanwata tana aure a Diffa da ɗanyen goyo, autanmu kuwa soja ne, shi kansa bai san inda zai kwana gobe ba. Da aka duba aka duba, sai aka ga ni ce mai hutu. A wajen dangi ai malamar lakkol ba ta da wani aiki, tunda alli kawai take riƙewa.

Ni ce 'yar fari. Kowa ya san kunyar da uwa ke yi wa 'yar fari, amma Inna ta kai abin maƙura. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo a Damagaram, can na tashi, can na yi karatu, can aka yi mini aure. Bakin Inna bai taɓa kama sunana ba. In za ta yi maganata sai ta ce "ta Damagaram". In na zo gaisuwa na durƙusa, za ta amsa, amma idonta yana kan faifan da take saƙa, ko kan akuya, ko kan bango. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba. Haka na taso na gani, haka uwayen ƙawayena na fari suke, sai dai nata ya fi tsanani.

Na ce mu tafi Damagaram a yi mata aiki, ta zauna wajena har ta warware.

"Gidan suruki?" in ji ta. "In kwana in tashi surukina yana jin tarina? Allah ya tsare. Kuma ma majo ya ce ba ta nuna ba."

Majo shi ne babban ma'aikacin jinya na asibitin garin. Shekarun baya, lokacin da abin ya fara, ya haska mata ido ya ce yanar ba ta nuna ba, ta jira tukuna. Majon nan ya yi ritaya ya koma garinsu, amma maganarsa tana nan daram a bakin Inna. Na ce mata ko dabinon kwari ne ai da yanzu an sauke shi an kai kasuwa an cinye. Ta ce ni ba lokotoro ba ce, ban karanci aikin asibiti ba.

Haka zaman ya miƙe. Da safe in kama hannunta in kai ta bayan gida, in jira, in dawo da ita. In zuba mata ruwan alwala, in juya ta gabas. In dama kunu, in sa mata ludayi a hannu. Ba na iya zuwa kasuwa in tsaya ciniki, don ba na yin nisan da ya wuce inda muryarta ke kaiwa. Tunda ba ta kiran sunana, sai ta samo wani kira: "Kina nan?" Ina wanke-wanke, kina nan? Ina wanka, kina nan? Na ta da salla, kina nan? Na tsani kalmomin nan biyu, kuma ba na jin kunyar faɗa. Gidan ba shi da nisa da kwalta, duk hantsi ina jin manyan motocin da suka taso daga gabas suna hon za su wuce Damagaram. In ina shara sai in tsaya da tsintsiya a hannu har ƙarar ta ɓace.

Akwai abin da na lura da shi, amma ban ba shi muhimmanci ba. Tun da idon ya rufe, in ina magana sai Inna ta juyo ta fuskance ni sosai. Ta ce a daina raba mana kwano, wai in tana ci ita kaɗai ba ta gane inda miya take. Wani lokaci in na zauna kusa da ita sai ta kai hannu fuskata tana lalube, wai tana son ta tabbatar ko wa ye, alhali ba kowa a gidan sai ni da ita da awaki. Wata rana yatsanta ya tsaya a kan tabon da ke girata ta hagu.

"Wannan fa?"

Na ce faɗuwa na yi a bakin rijiya a gidan Gwaggo, ina ƙarama.

"Ya yi jini?"

Na ce sosai, har sai da aka ɗinke. Ta ci gaba da shafa wurin. Tabon nan ya fi shekara talatin a fuskata, duk wanda ya gaisa da ni sau ɗaya ya san da shi.

Ana haka ƙanena ya bugo daga Kano da wani labari. Shi mutum ne mai son abu na zamani, musamman in ba shi zai yi jinya ba. Ya ce ai yanzu in an cire yana ɗan gilashi ake sakawa a cikin ido a madadin ƙwayar da ta lalace, kuma iri biyu ne. Akwai na gama-gari, wanda ke gyara ganin nesa, in za ka zura allura sai ka ɗora tabarau. Akwai kuma wani sabo mai gani biyu, nesa da kusa duka, ba ruwanka da tabarau har abada. Wani maƙwabcin shagonsa aka sa wa, wai yanzu yana hango lambar mota daga nesa, ya sunkuya ya karanta Alƙur'ani mai ƙananan baƙi. Ya ce Innarsa ba za a sa mata na gama-gari ba yana raye. A jira shi, bayan Salla zai zo ya ɗauke ta.

Na so in shaƙe shi ta cikin wayar. Inna kuwa ta samu abin da take nema. Daga ranar ta ajiye "ba ta nuna ba", ta ɗauki "mai gani biyu nake jira". Matar da ko sunan asibitin Kano ba ta sani ba ta koma yi wa baƙi bayanin gilashi. Salla ta zo ta wuce. Ƙanena ya ce kaya sun maƙale masa a hanya, sai wata mai zuwa.

An koma lakkol ba ni. Diraktanmu mutumin kirki ne, ya rufa mini asiri iyakar ƙoƙarinsa, ya raba ajina tsakanin malamai. Daga baya ya kira ya ce, "Madam, abin ya fi ƙarfina. In hutu na gaba ya ƙare ba ki dawo ba, za a turo wata, sunanki kuma ya fita." Maigidana bai taɓa yi mini ƙorafi ba, sai dai gaisuwarsa ta riƙa gajarta. Abin da ya fi ci mini rai 'yar autata ce. Da farko duk aka ba ta waya sai ta ce yaushe zan dawo. Daga baya ta daina tambaya. Ta gaishe ni da ladabi, kamar wata gwaggonta ta nesa, ta miƙa wa yayarta.

Sai ga mota da lasifika tana zaga gari, wai likitocin ido masu yawo gari-gari sun sauka a asibiti, duk mai yana ya zo a duba shi. Na bar tankaɗe na je na sami Inna a kan tabarma na faɗa mata.

"Mai gani biyu suke sawa?"

Na ce a'a, na gama-gari ne, kuma ya ishe ta.

"To ni ɗana ya ce in jira."

A nan na fashe. Na ce, "Inna, kin ɗaure ni. Aikina zai tafi, 'ya'yana sun fara manta ni, ke kuma kina jiran gilashin da ba za ki taɓa gani ba. Me za ki yi da gani biyu, ke da ko ɗaya ba ki da shi?" Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta lalubo carbinta ta juya mini baya.

Ashe ƙawarta tana zaure ta ji komai. Wata tsohuwa ce Bamangiya mai sayar da kanwa, tare suka yi 'yanmatanci, bakinta ba ya da linzami. Ta shigo da "Wushe, wushe" ɗinta na yarensu, ta gaida Inna, sannan ta ja ni bayan rumbu.

"Ke da karatunki har yanzu ba ki gane ba?" in ji ta. "Uwarki ba gilashi take jira ba. Ranar da aka ɗauke ki aka sa a mota, a ɗakina ta ɓuya ta yi kukanta, don kada a ce ta yi rashin kunya. Tun daga ranar ba ta sami damar zama da ke ba sai yanzu. Makauniya ba wanda zai ce ta kalli 'yar fari. In ta riƙe hannunki, lalura ce. In an buɗe idon nan, da wane dalili za ta riƙe ki?"

Na tsaya ina kallon ƙasa. Da a ce jin haka ya sauƙaƙa mini, da na gode mata. Sai ma ya ƙara ɗaure ni. Da, Inna ce kaɗai ke riƙe da ni, ina iya jin haushinta in sami sauƙi. Yanzu na gane ni ma ina son hannun nan a fuskata, na daɗe ina sonsa ban sani ba. In na zauna, na rasa aikina, 'ya'yana su girma ba ni. In na kai ta asibiti, ni da hannuna zan mayar da mu yadda muke da. Yinin nan ban iya cin komai ba.

Ban ƙara tayar da maganar ba. Ita ce ta tayar, washegari da hantsi, da ƙawarta ta dawo. Ina zaune gefenta a tabarma ɗaya, gwiwata tana taɓa tata, amma da ƙawar ta yi magana, ba da ni ba.

"Ki ce wa ta Damagaram ta nemo abin hawa."

Asibitin ya cika da tsofaffi, wasu daga Bune, wasu daga Alakos da rawunansu da sandunansu, kowa da mai ja masa gora. Da layi ya zo kanmu, wata matashiyar likita ta haska idon ta yi murmushi, ta ce wannan ai ta nuna har ta gaji da nuna. Ta ce ido ɗaya za a fara yi. Ta yi wa Inna bayani a hankali cewa gilashin da za su sa na nesa ne, za ta ga hanya, ta ga mai shigowa daga ƙofa, amma abin da ke kusa sai da tabarau, za a auna mata daga baya.

"Ya isa, 'yata," in ji Inna. "Abin da ke kusa ai na gama kallonsa."

Aikin bai daɗe ba. Ta fito da auduga da filasta a ido, na riƙe ta muka koma gida. Ranar ba ta ce "kina nan" ko sau ɗaya ba, amma ba ta saki gefen zanena ba har ta yi barci.

Da safe muka koma a buɗe, ƙawarta ta raka mu. Aka zaunar da su jere a kan benci, ma'aikaci yana bi yana ɓare filasta. Wani dattijo kusa da mu da aka buɗe masa ya riƙa jera hamdala yana nuna bishiyar da ke tsakar asibitin. Aka zo kan Inna. Ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye ya zubo. Idonta ya fara sauka kan ƙawarta, wadda ke tsaye can baya.

"Yo haka kika tsufa ba wanda ya gaya mini?" in ji Inna. Duk bencin aka yi dariya.

Ni ina durƙushe a gabanta. Na ga idon ya sauko kan zanena, ya hau kan hannuwana, ya zo wuyana, ya kai haɓata. Nan ya tsaya. Na shiga roƙon Allah a zuciyata ta ƙarasa, sau ɗaya tak, ko da ba za ta gan ni sosai ba. Sai ta kawar da kai ta dubi bango, ta gyara mayafinta.

"Ki tambaye ta," ta ce wa ƙawarta, "motar Damagaram ta safe za ta bi ko ta yamma. Kada yara su yi ta jira."

Da aka sallame mu na miƙe na miƙa mata hannu yadda na saba. Ta dafa benci ta tashi da kanta, ta wuce ni ta nufi ƙofa, tana taka matakalar ɗaya bayan ɗaya ba ko tuntuɓe. Na bi bayanta da hannuna a miƙe, ban san inda zan sa shi ba.